Filogi sau uku cikin wata biyar: amsoshin tambayoyinku kan tsohuwar mota

Wani malamin makaranta daga Ƙofar Ƙaura a Katsina ya rubuto: "Corolla ce da ni, ƙirar 2005. In na tsaya sai ta kama kakkarwa, in na taka totur ta riƙa fizga, ga shan mai. Sau uku ana canza mata filogi cikin wata biyar. Kowane karo sai ta yi lafiya mako biyu ko uku, abin ya dawo. Yanzu bakanike ya ce a sauke inji. In yarda?"

Malam, kada ka yarda tukuna. Sauke inji shi ne matakin ƙarshe, kai kuwa ko na farko ba a yi maka ba, canki-canka kawai ake yi da kuɗinka. Ka fara kai ta inda za a sa mata kwamfuta, ka tsaya a wurin, ka rubuta lambar da ta fito da hannunka. P0301 zuwa P0304 na nufin silinda guda ce ba ta ƙona mai yadda ya kamata, kuma lambar ƙarshe ita ce ke nuna wacce. Ana ƙirgawa daga gefen fanbel. A ce P0302 ce ta fito. Injin nan kowace silinda da kwayil ɗinta a kan filogi, shi ne ke tura wa filogin wuta, don haka a cire kwayil na biyu a musanya shi da na uku, a goge lambar, ka yi yawo da motar. In ta dawo P0303, kwayil ɗin ne ya mutu, shi kaɗai za ka saya. In ta tsaya a P0302, a musanya filogin, sannan nozul mai feso fetur. Wannan gwajin ba ya cin ko sisi sai ladan aiki.

Kafin a mayar da kwayil, ka haska tocila cikin ramin filogin. In ka ga baƙin mai ya kwanta a ciki, ko robar kwayil ɗin ta jiƙe ta kumbura, to gaskit ɗin murfin saman inji ne ya bushe yana yoyo. Sabon filogi zai yi aiki na ɗan lokaci, mai ya sake cika ramin, wuta ta riƙa zillewa. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. In kuwa P0171 ce, musamman in kakkarwar ta fi tsanani da sassafe lokacin hunturu kuma ta ragu in mota ta ɗumama, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Gaskit ɗin manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, na wannan ƙirar ya yi suna da haka. A duba shi, a duba robobin iska ko sun tsage, a wanke sansar da ke bayan matatar iska da feshin da aka yi dominta, kada a goge ta da tsumma ko a wanke da fetur. Ƙurar da muke sha daga Nuwamba zuwa Fabrairu ta isa ta rufe ta.

Sai idan duk wannan bai nuna komai ba za a auna matsin silinda. Bai kamata ya gaza 145 a ma'aunin psi ba, kuma tazarar da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta kada ta wuce 15. Wannan awon ne kaɗai zai ba wa bakanike hujjar taɓa cikin inji.

Amma bari in tambaye ka: filogin nan da ka saya har sau uku, nawa ka saye su? Nan ne nake zargi. Wanda Toyota ta sa wa injin nan shi ne Denso SK16R11 ko NGK IFR5A11, masu tsinin iridiyum, kuma na gaske yana wuce kilomita 100,000 bai gaji ba. To ta yaya zai mutu cikin mako uku? Jabu ya cika kasuwa, daga shagunan cikin gari har Ƙofar Ruwa a Kano, kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya. Mutum ya san kuɗin guda ɗaya na asali, a miƙo masa huɗu a wannan kuɗin, ya karɓa yana murna wai ya iya ciniki. Araha ba ta ado. Ka riƙe filogin kusa da ido. Na gaske tsininsa siriri ne kamar bakin allura, bai kai milimita 1 ba, rubutun jikin farin tangaran ɗin fes yake, zoben da ke gindin zaren kuma ba ya zarewa da sauƙi. Na jabu rubutunsa dishi-dishi ne, zaren da kaushi, kuma bayan 'yan makonni tsinin ya cinye, tazarar da ya kamata ta tsaya a milimita 1.1 ta buɗe. Tazara in ta buɗe, kwayil ne ke wahala wajen tura wuta har ya ƙone. Wani lokaci tsinin ya karye ya faɗa cikin silinda, a nan ne za a sauke injin da gaske. Ka lissafa filogi sau uku, ladan aiki sau uku, da fetur ɗin da ta sha a banza a farashin da muke ciki tun da aka cire tallafi a 2023, ka ga ko ka yi riba. Kuma ku daina aiken yaron gareji shi kaɗai ya sayo kaya. Ka je da ƙafarka, ka karɓi rasit, ka ce a ba ka tsofaffin da aka cire.

Wani matashi daga Sabuwar Unguwa yana tambaya ko zai iya sa a cire ƙwan wutar cek, wadda ke kunnuwa a gaban direba in inji na da matsala, wai tana damun sa da dare.

Samari, in ƙararrawar gobara ta dame ka, ita za ka kashe ko gobarar? Je ka sa mata kwamfuta.

Wata Hajiya daga Daura ta ce motar da maigidanta ya rasu ya bari ce take kai yara makaranta da ita. Wutar cek ta kunnu kwana huɗu, ta kasa barci, tana tsoron kada ta mutu mata a hanyar Katsina.

Allah ya jiƙansa, Hajiya, ki kwantar da hankalinki. In wutar a tsaye take, mota na tafiya lafiya, allurar zafi tana inda ta saba, ba abin gaggawa ba ne. Ki fara duba murfin tankin mai ko ya ɗauru sosai, sannan ki kai ta gwaji cikin makon nan. In wutar tana ƙiftawa kuma mota na girgiza, to ki ajiye ta, domin ɗanyen fetur yana gangarawa salansa yana ƙona abin nan mai tace hayaƙi da bakanike ke kira indomi, shi kuwa kin san ba araha gare shi ba. Wutar da ba a wasa da ita ko na minti ɗaya ita ce ja mai siffar buta, ta baƙin mai. In ta kunnu kina tafiya, ki gangara gefe ki kashe inji nan take.

Wani direban Golf mai jigila tsakanin Katsina da Mashi ya ce motarsa na yawan zafi, an shawarce shi ya cire tamostat, wato abin da ke daidaita ɗumin inji, a haɗa fanka kai tsaye, "kamar yadda kowa ke yi".

Gyaran gangar Auzinawa ke nan, Alhaji. Zafin Afrilu ba shi ne dalili ba, wani abu ne ya lalace. In an cire tamostat inji zai daɗe bai kai ɗuminsa ba, ya ƙara shan mai, ainihin ciwon kuma yana nan. A duba murfin tankin ruwa, wanda sau da yawa shi ne mai laifin kuma ba shi da tsada, a duba ko lagireton ya toshe da tsatsar ruwan rijiya, a duba famfon ruwa da abin da ke kunna fanka. In ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, gaskit ɗin kan silinda ya ƙone. Kada ka buɗe murfin ruwa mota na da zafi, ka ba ta aƙalla rabin awa.