Kaskon garwashi a gidan leda: amsa ga mai tumatir a Tabuka

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina aiki a wata gona a wajen Tabuka, a Saudiyya. Kafilina ya ba ni ɗan fili a gefe, na kafa gidan leda mai tsawon mita 12, na dasa tumatir da kokwamba. Tun da sanyin Marba'aniyya, wato kwana 40 na tsakiyar hunturu, ya kama, fure ke zuba. Abokan aiki suka ce in riƙa sa kaskon garwashi da dare in toshe ko'ina. Kwana 4 ke nan ina yi, ina kwana a ciki don in riƙa ƙara gawayi. Yanzu da ciwon kai nake tashi, ganyen tumatir kuma ya sunkuya ƙasa. Duk abin da na tara a nan na zuba shi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, tashi ka fitar da kaskon nan waje, kuma daga daren yau kada ka sake kwana a ciki. Ciwon kan da kake tashi da shi ba mura ba ce. Iskar gubar gawayi ce, kabon monoksaid, ta fara shiga jininka. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da wani abu. Daga ciwon kai sai jiri, sai tashin zuciya, sai barci mai nauyi. Wanda ta same shi yana barci ba ya ma sanin abin da ke faruwa.

Maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, wadda kusan kullum sai na ji ta in hunturu ya shigo, ita ce wai in garwashi ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, to ba sauran illa. Wallahi ƙarya ce. Hayaƙin da kake gani ai shi ke sa ka tari ka fita. Garwashin da ya yi jajir, toka ta rufe shi, yana ci gaba da fitar da gubar har ya mutu, kuma da zarar ka toshe ƙofofi, iska ta yi ƙaranci, sai ya ƙara fitar da ita. Sannan ga masu ba da fatawa a waya: wannan ya ce a barbaɗa gishiri, wancan ya ce a jefa ɓawon lemo, wani ya ce a ajiye kwanon ruwa kusa da kasko zai shanye gubar. Ba abin da ɗaya daga cikinsu ke yi. Ɓawon lemo ƙamshi kawai yake ba ka, ka saki jiki ka kwanta.

Da idona na ga wani yaro a wata gona ta wajen Sakaka. Ba a gan shi a sallar asuba ba, aka je aka same shi kwance tsakanin layukan kokwamba, amai ya bushe a wuyan rigarsa, kaskon na gefen kansa da sauran ɗumi. Aka ɗaga shi ƙafa ta ƙi taka ƙasa. Maimakon a kira mota, sai aka ce ai aljanun wurin ne, aka tafi neman mai ruƙiyya, wani kuma yana raɗa cewa iƙamar yaron ta ƙare, kada a jawo magana. An fi awa guda ana wannan. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma watanni bayan nan yana kukan mantuwa da ciwon kai. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana a bar wuta a gida in za a yi barci, jami'an Difa'ul Madani, masu kashe gobara da ceto, ma duk shekara sai sun yi gargaɗi, mu kuwa sai mu ɗauki maganar abokin aiki. In ka ga mutum a wannan hali, ja shi waje ya sha iska, ka kira motar asibiti a 997 nan take. Maganar takarda a yi ta daga baya. Kai ma, in ciwon kan bai sake ka ba, ko kana jin jiri, je asibiti yau ka gaya musu a kusa da gawayi ka kwana.

Shukar ma garwashin cutar ta yake yi. Wutar da ba ta ci sosai tana fitar da iskar etilin, tumatir kuwa ko kaɗan ya shaƙa sai ganyensa ya sunkuya kamar yana jin ƙishi alhali ƙasa na da danshi, fure ya ƙara zuba. Abin da ka gani ke nan. Hitar gas ko ta kananzir mara bututu ita ma ba ta tsira ba, ga shi tana cika ɗakin da tururi, ya taru a leda ya riƙa ɗiga kan ganye, ruɓa ta biyo baya.

Matsalarka a Tabuka ba rashin zafi ba ce, rana kuna da ita har ta yi yawa. Riƙe zafin zuwa asuba shi ne aikin. Leda mai falle ɗaya ba ta hana zafi tserewa sama a daren da gari ya yi garau, har takan kai cikin ɗakin ya fi waje sanyi. Manoman arewacin Sin, a Liyawnin da Shandon, suna fitar da kayan lambu a hunturun da ya fi naku tsanani ba tare da hura wuta ba: ɗaki a miƙe gabas da yamma, katanga mai kauri ta arewa, leda ta kudu kawai, bargo da dare. A ƙarshen Disamba rana ba ta wuce digiri 38 sama da ƙasa a wajenku, ta kudu take, don haka ledar da ke gefen arewa asara ce kawai. Jera buhunan ƙasa ko bulo a wannan gefen.

A gaban katangar ka jera durom na lita 200, ka shafa musu baƙin fenti, ka cika da ruwa ka rufe. Durom ɗaya in ya huce da digiri 5 cikin dare, zafin da ya saki ya kai na hitar lantarki mai wat 1000 ta yi awa guda. Ɗaya ba zai yi maka komai ba, nemi 10 zuwa sama. Amma bargon ya fi durom muhimmanci a wurina. Tsofaffin barguna ko buhuna da aka ɗinke, a lulluɓe ledar bayan la'asar kafin zafi ya gudu, a ɗaure da igiya saboda iskar arewa, a yaye da hantsi. A ciki kuma ka rufa wa shukar farin yadi mara nauyi, irin na rufe shuka, a kan ƙarafa masu baka. Ban ruwa da safe. Da azahar ka ɗaga leda kaɗan danshi ya fita.

Ba zan ɓoye maka ba, duk wannan digiri kaɗan zai ƙara maka. Zai hana sanyi ƙone shukar, amma tumatir yakan tsaya cak ƙasa da digiri 10, furensa kuma ba ya kamawa sosai in dare ya yi ƙasa da 13. Ka lallaɓa shi ya rayu har sanyin Shabɗ, mai bin bayan Marba'aniyya, ya wuce a Fabrairu, zai sake fure. Kokwambar kuwa ka cire rai da ita, ka zuba kayan ganye irin su jarjir da latas da kuzbara a wurinta, su ba ruwansu da wannan sanyin, kuma za ka samu abin sayarwa cikin makonni. Sayi ma'aunin zafi mai nuna mafi ƙarancin da aka kai cikin dare, ka rataye shi daidai tsayin shukar, ka rubuta abin da ya nuna kowace asuba har mako guda, sai ka turo mini tare da hoton gefen arewa na ɗakin.