Tambayi Likita: LASIK, PRK ko SMILE, Wanne Ya Dace da Idona?

Tambaya: Salamu alaikum likita. Shekarata 27, tun ina sakandare nake sa tabarau saboda ba na ganin nesa, kuma wallahi na gaji da shi. Wani asibiti a Indiya ya turo min farashin aikin gyaran gani iri uku: PRK mai sauƙin kuɗi, LASIK a tsakiya, SMILE mafi tsada. Mai tsadar ne ya fi kyau? Daga Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin ka dubi farashi, sai an auna idonka tukuna, domin sakamakon awon ne zai nuna wanda za a iya yi maka. Duk ukun aiki ɗaya suke yi: sassaƙe tantanin gaban ido mai garai-garai, wanda likitoci ke kira koniya, don haske ya riƙa sauka daidai a bayan ido. Inda suka bambanta shi ne hanyar da ake bi.

A PRK, ana kankare fatar saman tantanin, leza, wato wani haske mai ƙarfi da na'ura ke harbawa, ta yi aikinta, sannan a manna ɗan gilashi mai laushi a kan idon kamar bandeji. Fatar takan sake tsirowa cikin kwana 3 zuwa 5. Ba zan ɓoye maka ba, kwanakin farko akwai raɗaɗi da hawaye, kuma gani kan ɗauki makonni kafin ya daidaita. Shi ne tsoho a cikinsu, Amurka ta amince da shi tun 1995, amma har gobe likitoci na zaɓarsa ga mai siririn tantani da masu aikin da ake iya bugun ido, irin sojoji da 'yan dambe.

A LASIK, ana yanka ɗan murfi a saman tantanin, a ɗaga shi, a yi aikin a ƙarƙashi, a mayar da shi. Zafi kaɗan ne, kuma da yawa washegari suna gani tangaran. Sai dai murfin nan ba ya komawa da ƙarfinsa na asali, mummunan bugu zai iya gusar da shi ko bayan shekaru. Haka kuma yankan na taɓa jijiyoyin da ke sa ido ya san ya bushe, shi ya sa bushewar ido ta fi yawa bayansa.

SMILE shi ne sabo a cikinsu, a 2016 Amurka ta amince da shi. Leza ke yanka ɗan faifai a cikin tantanin, likita ya zaro shi ta wata kafa da ba ta wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Babu murfi, bushewar ido ma takan yi sauƙi. An fi yin sa ga marasa ganin nesa irinka.

Ga abin da ya fi muhimmanci. Kaurin tantanin yawancin mutane ya kai kusan maikiron 540, wato rabin milimita da ɗan kai. Murfin LASIK kaɗai yakan ci 100 zuwa 120, leza ta ci nata gwargwadon ƙarfin tabaraunka, kuma dole a bar aƙalla 250 a ƙasa, wasu likitocin ma ba sa yarda sai 300. Idan lissafin bai fita ba, to LASIK ya fita daga zaɓinka ko nawa ke aljihunka. Idan tabaraun ya yi ƙarfi sosai, akwai ICL, gilashin da ake dasawa cikin ido ba tare da an sassaƙi komai ba. Ga wanda idonsa ya dace da duk ukun, bayan wata shida ganin kusan ɗaya ne. Don haka ka fara yin awon kauri da hoton taswirar tantanin a nan gida kafin ka sayi tikitin jirgi. Duk asibitin da ya zaɓa maka aiki ta WhatsApp bai ga idonka ba, ni dai ba zan ba shi idona ba.

Tambaya: Likita, shekarata 19. Tun ina yaro idona ke ƙaiƙayi, ina yawan murza shi, farin idon ma ya koma ruwan ƙasa. Kusan duk shekara sai an canza min tabarau. Leza za ta raba ni da wannan wahala? Daga Zariya.

Amsa: Ɗana, ka dakata da maganar leza. Ko mai lafiyayyen ido ba a yi masa sai ya haura 18 kuma lambar tabaraunsa ta tsaya cik aƙalla shekara ɗaya. Taka ba ta tsaya ba. Abin da ya fi damuna shi ne murzar nan. Ƙaiƙayin ido na borin jini ya yi yawa a yaran ƙasarmu, kuma yawan murza na da alaƙa da wata cuta da ake kira keratokonus, inda tantanin ke sirancewa ya turo gaba kamar kan tulu. Idan aka yi wa irin wannan ido LASIK, an ƙara raunana shi ke nan, ganin na iya lalacewa fiye da da. Ka je wurin likitan ido a yi maka hoton taswirar tantani. Idan ita ce, akwai aikin ƙarfafa tantanin da ake yi da ɗigon sinadarin riboflabin da wani haske na musamman, yana tsayar da cutar. A ba ka maganin ƙaiƙayin, ka daina murza idon tun daga yau. Kuma kada ka sayi maganin ɗigawa mai sinadarin siteroyid a kemis da kanka, yana iya jawo hawan jinin ido.

Tambaya: Shekarata 46, ina ganin nesa lafiya lau, amma karatun Alƙur'ani da zura zare a allura sai da tabarau. Wanne zan yi? Daga Maradi.

Amsa: Hajiya, babu ko ɗaya da zan ba ki shawara. Matsalarki tana cikin ƙwayar ido ne, madubin ciki ya fara tauri, abin da ke samun kowa bayan shekara 40. Leza a gaban ido take aiki. Akwai dabarar gyara ido ɗaya don nesa ɗaya don kusa, amma ba kowa kansa ke ɗauka ba. Ki riƙe tabaraunki. Idan yanar ido ta zo nan gaba, lokacin cire ta za a tattauna irin madubin da za a sa miki.

Tambaya: An ba ni ranar yin LASIK a watan Disamba. Yaya zan yi da alwala da kwalli? Kuma mahaifina yana da hawan jinin ido. Daga Kano.

Amsa: 'Yar uwa, in da hali ki ɗaga shi ya wuce hunturu, domin ƙura da busasshiyar iska ba sa yi wa idon da aka yi wa aiki daɗi. In kina da ciki ko shayarwa, a jira, lambar ido kan sauya a lokacin. Ruwan famfo ko na rijiya kada ya shiga idon a makon farko. Yadda za ki yi alwala a kwanakin, ki tambayi malamai da takardar likitanki a hannu. Kwalli ki ajiye shi sai likitan ya ce ki koma.

Maganar mahaifinki ki faɗa wa likitan tun kafin aiki. Bayan leza tantanin ya sirance, na'urar awon matsin cikin ido takan nuna lamba ƙasa da gaskiya, sai hawan jinin idon ya ɓuya. Ɗigon da ake bayarwa bayan aiki ma yana iya ɗaga matsin cikin idon wasu. Ki karɓi kwafin duk awon da aka yi miki kafin aikin, ki adana shi tare da takardun makarantarki, kuma duk shekara ki je a duba jijiyar idon, kina gaya wa duk likitan da ya duba ki cewa an taɓa yi miki LASIK.