Brave ko Chrome: amsa ga ɗan'uwan da ke son sauya burauza

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko burauzar nan mai suna Brave, wadda ka ce ka ga ana ta yabonta kwanan nan, ta fi Chrome da Firefox da Opera Mini, kuma ko ya dace ka koma kanta gaba ɗaya a waya da kwamfuta. Na daɗe ina amfani da ita tare da sauran, kuma sana'ata ta gyara da saita kwamfutoci ta sa ina ganin yadda kowace ke aiki a na'urorin mutane, masu ƙarfi da marasa ƙarfi, don haka zan gaya maka abin da na gani.

Da farko, Brave ba sabuwa ba ce kamar yadda ake zato. Ta fara fitowa a 2016, cikakken zubinta na farko kuma ya fito a watan Nuwamba na 2019, kuma jagoran kamfanin shi ne Brendan Eich, wanda ya ƙirƙiri JavaScript, harshen kwamfuta da shafukan intanet ke aiki da shi, a 1995, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Mozilla mai Firefox. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne an gina ta ne a kan Chromium, wato tushen da Google ya buɗe wa kowa lokacin da ya fitar da Chrome a 2008. Opera ta koma kan wannan tushe a 2013, Edge ta Microsoft ta bi sahu a Janairun 2020. Kamar motoci ne da aka ɗora wa gangar jiki daban-daban alhali injinsu ɗaya ne. Saboda haka duk wanda ya ce maka injin Brave ya fi na Chrome gudu bai fahimci lamarin ba, domin abin da ke karanta shafi ya zana shi a fuskar na'urarka iri ɗaya ne a cikinsu. Idan kuwa iPhone kake riƙewa, batun ya ƙara sauƙi, tunda Apple ya wajabta wa burauzoji amfani da injinsa na WebKit, in ban da wuraren da doka ta tilasta masa sassauci, kamar Tarayyar Turai daga 2024.

To me ya sa mutane ke rantsuwa cewa ta fi sauri? Ba ƙarya suke yi ba. Brave tana zuwa da matoshin talla da na masu bibiyar sawu a cikin jikinta, ana kiransa Shields, kuma a kunne yake tun ranar da ka sauke ta. Shafin labarai guda ɗaya yakan kira sabobin kamfanonin talla masu yawa, wato manyan kwamfutocin da suke turo talla daga cikinsu, kafin ya nuna maka rubutun da ka zo nema, kowanne da hotunansa, wani da bidiyon da ke kunna kansa. Idan aka hana waɗannan saukowa, shafin zai buɗe da wuri, data za ta ragu, batir ma zai ɗan ƙara jimawa. A wurina wannan shi ne dalili mafi ƙarfi na amfani da ita, musamman a wayar Android, inda Chrome ba ta karɓar ƙananan manhajojin da ake jona wa burauza, kuma tsarinta na rage cin data Google ya cire shi a 2022. A kwamfuta a da ana iya cike giɓin ta hanyar jona matoshin talla mai suna uBlock Origin a Chrome, amma daga 2024 Google ya fara kashe tsohon tsarin da wannan matoshi ya dogara da shi, ya maye gurbinsa da wanda ake kira Manifest V3, wanda ya taƙaita abin da matoshin talla zai iya yi. Abin da ya rage a Chrome shi ne ƙaramin zubinsa, uBlock Origin Lite. Wannan sauyi bai taɓa Shields ba, domin ba jona shi aka yi daga waje ba.

Sai dai idan tsimin data ne kaɗai damuwarka, kada ka yi saurin goge Opera Mini. Hanyarta daban ce: a matakinta na matsanancin tsimi, shafin yana bi ta sabar kamfanin, a matse shi a can, sannan a turo maka shi a rage, abin da ya sa ta samu karɓuwa sosai a Najeriya tun zamanin ƙananan wayoyi masu maɓallai. A wurin da sabis ke da rauni har yanzu ban ga wadda ta kai ta buɗe shafin rubutu ba. Illarta ita ce shafukan zamani da yawa suna hargitsewa a wannan mataki, kuma ni ba na shigar da bayanan banki ta hanyar da sai ta ratsa sabar wani.

Toshewar nan ta Brave ma tana da nata tsadar. Na sha ganin shafin biyan kuɗi ko na cike fom ɗin neman makaranta ya tsaya cik, maɓalli ya ƙi dannuwa ko tagar tabbatar da biya ta ƙi fitowa, saboda Shields ya ɗauki wani ɓangare na shafin a matsayin mai bibiyar sawu. Maganin ba shi da wuya, ka danna hoton kan zakin da ke gefen adireshi ka kashe kariyar ga wannan shafin kaɗai, amma wanda bai san da haka ba zai zauna yana zargin sabis ko bankinsa. Akwai kuma abin da ban cika jin ana faɗa ba, wato jaridun intanet da masu tashoshin YouTube, har da na Hausa da muke karantawa muna kallo kyauta, da kuɗin tallan nan suke biyan ma'aikata da sayen data. Ni dai nakan kashe matoshin a 'yan shafukan da nake amfana da su kullum, matuƙar tallansu bai wuce gona da iri ba.

Batun cin RAM kuwa, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke riƙe abin da take aiki da shi, bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Brave takan ɗan fi sauƙi saboda tallan da ba ta ɗauko ba, amma Edge da Chrome duk suna da tsarin kwantar da shafukan da ka bari a buɗe ba ka amfani da su. A kwamfuta mai RAM giga 4, yawan shafukan da ka tara ne ke sa ta nauyi, ko wace burauza ce.

Tambayar da nake so ka riƙa yi game da kowace burauza ita ce daga ina masu ita ke samun kuɗi, tunda dukkansu kyauta ake ba da su. Google kamfanin talla ne, kuma hakan yana bayyana a Chrome: a Janairun 2020 ya yi alkawarin daina barin kukis na kamfanonin waje, waɗanda ake bin mutum da su daga shafi zuwa shafi, cikin shekara biyu, ya yi ta ɗage wa'adin, daga bisani a Yulin 2024 ya janye. Brave ma talla take sayarwa, sai dai nata ne na kanta, kuma sai ka amince za ta riƙa turo maka shi a matsayin sanarwa, ta ba ka wani kaso da kuɗin kirifto da ake kira BAT. Abin da mutum ke tarawa ta nan bai taka kara ya karya ba, don haka kada wani ya ruɗe ka cewa hanyar samun kuɗi ce. Tana kuma sayar da VPN, wato hanyar ɓoye inda kake shiga intanet, tana da injin bincikenta tun 2021. Ba ta rasa tabo ba: a Yunin 2020 an gano tana cika adireshin wasu shafukan kirifto, ciki har da Binance, da lambar da ke kawo mata kamasho ba tare da sanin mai amfani ba, har sai da Eich ya fito ya nemi afuwa aka gyara. Idan ka sauke ta, shiga saituna ka kashe tsarin ladan, ka ɓoye jakar kirifto da hotunan talla na sabon shafi, za ta zama burauza mai tsabta ba hayaniya.

Firefox kuwa tana da injinta na kanta daban da na Chromium, wato Gecko, a kwamfuta da Android. Tana karɓar cikakken uBlock Origin har a waya, kuma tun 2022 tana killace kukis na kowane shafi a wurinsa daban. Idan aka jona mata wannan matoshi, ba na ganin Brave ta fi ta kare sirri da wani abin a zo a gani. Rauninta shi ne masu gina shafuka da yawa a Chrome kaɗai suke gwada aikinsu, don haka jefi-jefi za ka haɗu da shafin da bai zauna daidai ba. Mafi yawan kuɗin Mozilla ma daga Google yake fitowa, ladan sanya bincikensa a gaba.

Ka kuma duba ɗorewa kafin ka kwashe komai naka ka kai sabon wuri. Burauzar Arc ta fito wa kowa a 2023 da tsari mai ban sha'awa, mutane suka yi ta komawa kanta, amma zuwa 2025 kamfaninta ya bayyana cewa ya daina ƙara mata sababbin abubuwa ya karkata ga wata mai suna Dia. Brave ta fi haka daɗewa, kuma tana bin gyare-gyaren tsaron Chromium ba tare da jinkiri mai yawa ba, wanda shi ne abin da ya fi kowace kwalliya muhimmanci a burauza.

Shawarata ita ce ka sa Brave a waya don karatu da kallo na yau da kullum, ka bar Chrome a ajiye don shafukan hukuma da na biyan kuɗi, da kuma fassarar shafi zuwa Hausa da take yi ta hanyar Google. A kwamfuta, kwaso alamomin shafukanka da kalmomin sirrinka daga Chrome abu ne na ɗan lokaci kaɗan, Brave ɗin ma za ta tambaye ka tun farkon buɗewa. Amma ka lura da wani bambanci guda: Chrome tana ajiye bayananka a asusunka na Google, ko wayarka ta ɓace za ka same su da ka shiga da imel ɗinka, ita kuwa Brave ba ta da asusu, wasu jerin kalmomi take ba ka da ake haɗa na'ura da na'ura da su. Idan na'ura ɗaya tak kake da ita kuma ta lalace, kamfanin ba shi da hanyar dawo maka da kalmomin sirrinka, saboda haka ka haɗa wayar da kwamfutar tun ranar farko, ko ka ajiye kalmomin sirrin a wata manhajar ajiya ta daban.