Shuka a Jikin Bangon Aji, Amma Kada Ta Manne

Malam, ka tambaya ko rufe bangon aji da tsiro mai yaɗo, da raba babban ɗaki da allon katako mai gusawa, zai inganta karatun yara a nan Sakkwato. Shukar kam za ta taimaka sosai. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, bulo ya sha rana tun hantsi, kafin azahar ka ga yara sun koma hamma da gyangyaɗi, malami ma muryarsa ta dushe. Ganye yana tare rana kafin ta taɓa bango, danshin da yake fitarwa kuma yana rage zafin iska. In makarantar safe ce, fara da bangon gabas. In Islamiyyar yamma ce, bangon yamma. Allon katako kuwa ba ya tare sauti, aji biyu suna maimaita karatu da ƙarfi babu mai jin malaminsa, don haka ka bar shi sai ranar jarrabawa ko taron iyaye.

Sharaɗina ɗaya: kada tsiron ya manne da bango. A inda nake koyarwa, waya muka ja nesa da bango kamar kamu guda, soso ya hau ta, iska tana ratsawa ta baya. In ya manne, damshi yakan ci siminti, gara ta samu hanya, har maciji ya iya fakewa. Da rani kuma ruwan alwalar yara muke juyawa gindinsa, shi ya sa bai bushe ba.