Kajin ƙanƙara na fasa-ƙwauri da batun duba lafiyarsu

Ka tambaya ko hukuma na duba lafiyar kajin ƙanƙarar da ake shigowa da su ta kan iyaka. Ba ta dubawa, domin gwamnatin Najeriya ta haramta shigo da su, kuma kayan fasa-ƙwauri ba sa zuwa gaban NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ko likitan dabbobi, wanda aikinsa ne ya duba lafiyar kaza tun tana da rai, sannan ya duba hantarta bayan yanka.

Na taɓa sayen katan guda, na tarar ƙanƙarar ta rine da jini, alamar ta narke a hanya aka sake daskarar da ita. Ko wadda aka duba ma, ido ba ya ganin ƙwayar cutar Salmonella mai sa gudawa da zazzaɓi, don haka a dafa ta har cikin naman ya kai digiri 74 na ma'aunin Salshiyos.