Ɗana shi kaɗai ne, kunya ta yi masa yawa

'Yar'uwa, kin tambaya ko rashin ƙanne ne ya sa ɗanki mai shekara 5 yake ɓuya a bayanki in baƙi sun shigo. A'a, ba shi ba ne. Ko a gidan yawa akwai yaron da ba ya iya ɗaga ido ya gaida mutum. Cuɗanya da sa'o'insa kawai yake buƙata.

Tawa 'yar haka ta yi. Na daina cewa "kunya gare ta" a gabanta, na riƙa kiran 'yar maƙwabta guda ɗaya tak su yi wasan 'yar tsana a tsakar gida, sannu a hankali ta saki jiki. Amma in yana surutu a gida, a makaranta kuma watanni ko uffan, ki kai shi wurin likitan yara.