Tambaya da Amsa: Yaro Mai Wasan Besbol Zai Iya Shiga Kokawa a Lokacin Hutu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi ne a nan cikin Kano. Na yi shekara huɗu ina ƙarin karatu a Amurka tare da iyalina, kuma a can ne babban yarona, wanda yanzu yake da shekara 12, ya koyi wasan besbol, wato wanda ake jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri a buge ta da gora. Da muka dawo gida sai ya ja wasu yaran unguwa, suka samu wani malamin motsa jiki da ya san wasan yana koya musu ranar Asabar da Lahadi. Yaron shi ne mai jifa, kuma ko ba ranar atisaye ba, yana nan yana jifan katangar gida har sai an tsawata masa. Yanzu malamin ya ce a ajiye ƙwallo daga Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu. Mahaifina, wanda ya yi kokawa a ƙuruciyarsa, ya ce a ba shi abokin nasa ya kai shi wajen 'yan kokawa ya yi ƙwari, mahaifiyar yaron kuwa ta ce ba da ita ba, za a karya masa hannu a banza. Shin kokawa za ta amfane shi a wasan nasa, ko kuwa cutar da shi za ta yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, Allah ya raya mana shi, ya kuma ƙara wa Baba lafiya. A ganina ku bar yaron ya yi kokawar, amma da sharuɗɗan da zan ambata, domin Baba yana da gaskiya, ita ma mahaifiyar yaron tsoronta yana da tushe.

Kafin maganar kokawa, ya kamata a gode wa malamin da ya ce a ajiye ƙwallo, domin wannan shi ne mafi muhimmanci a cikin wasiƙarku. Jifa ta saman kafaɗa, wanda ake maimaitawa da iyakar ƙarfi, yana cin gwiwar hannu da kafaɗa a hankali, kuma yaro ɗan shekara 12 ƙashinsa bai gama haɗewa ba. A kusa da ƙarshen dogayen ƙasusuwa akwai wani sashe na guringuntsi wanda daga nan ne ƙashi yake ƙara tsawo, kuma wannan sashe ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni, saboda haka abin da zai zama ciwon jijiya ga babba, ga yaro yana iya zama tsagewa a wurin girman ƙashi. Wannan ne ya sa ƙungiyar Little League ta wasan besbol na yara, wadda aka kafa a 1939 a garin Williamsport na jihar Pensilbaniya, ta ƙayyade cewa ɗan shekara 11 ko 12 kada ya wuce jifa 85 a rana, kuma idan ya kai 66 sai ya huta kwana huɗu kafin ya sake tsayawa wurin jifa. Ka'idojin da hukumomin wasan na Amurka suka fitar a 2014 sun ƙara da cewa yaro ya bar jifan gasa na aƙalla wata huɗu a shekara, a cikinsu kuma a samu wata biyu zuwa uku a jere da ba zai yi jifa ta saman kafaɗa ba ko kaɗan. Wani bincike da likitocin wasanni na garin Birmingham a jihar Alabama suka wallafa a 2006 ya nuna cewa matasan da suke jifan gasa fiye da wata takwas a shekara sun ninka sauran kusan sau biyar wajen yiwuwar a yi musu tiyata a kafaɗa ko gwiwar hannu.

A arewacin Amurka, kamar yadda kuka gani da idonku, sanyi da ƙanƙara su suke tilasta wannan hutu, sai yara su koma cikin ɗakunan wasa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da makarantu suke gasar kokawa, kafin a koma fili a watan Maris. Mu a Kano babu abin da zai hana yaro jifa wata goma sha biyu in ban da ruwan sama na 'yan sa'o'i, don haka hutun sai dai iyaye su ƙirƙire shi da kansu. Jifan katangar nan ma yana cikin lissafi, domin gwiwar hannu ba ta bambanta katanga da abokin wasa.

To, me kokawa za ta ba shi? Ku tsaya wata rana ku kalli yaron sosai lokacin da zai yi jifa. Zai ɗaga ƙafa ɗaya ya tsaya a kan ɗaya, ya tura jikinsa gaba da ƙafar baya, ya dire ta gaba, ƙugu ya juya, sannan ƙirji ya biyo, hannu kuma shi ne na ƙarshen zuwa, kamar bakin bulala. Ƙarfin jifan daga ƙasa yake tasowa, ta cinya da ƙugu da tsokar ciki da ta baya, kuma yaron da waɗannan wurare ba su da ƙwari a jikinsa hannunsa ne yake biyan bashin. Haka abin yake ga mai bugu, wanda shi ma da juyin ƙugu yake aika ƙwallo nesa. Na sha tsayawa kallon kokawar yara a ƙauyukan gefen Kano bayan an kai amfanin gona gida, wadda ake fara yi kafin manya su shiga fage, kuma abin da na fi lura da shi shi ne ƙafa. Za ka ga yaro ya sunkuya, ya buɗe ƙafafu, yatsunsa sun nutse cikin rairayi, abokin karawarsa ya kama masa cinya ɗaya ya ɗaga, shi kuwa yana tsalle da ƙafa guda yana neman inda zai dire, bai yarda ya faɗi ba. Wannan tsayuwa a kan ƙafa ɗaya cikin matsi ita ce dai abin da mai jifa yake buƙata, kuma da wuya a koya wa ɗan shekara 12 ita da ƙirgen "ɗaya, biyu" a fili, amma a kokawa zai koye ta yana dariya. Ga kuma ƙarfin damƙa da na wuya da na baya, sannan kokawa tana aiki da ɓangarorin jiki biyu, alhali besbol ɓangare ɗaya yake ci.

Akwai wani amfanin da ba na jiki ba. Mai jifa shi kaɗai yake tsaye a tsakiyar fili, idanun kowa a kansa, idan an buge masa ƙwallo babu wanda zai ɗora wa laifi. Yaron da aka taɓa kayarwa a gaban jama'a, makaɗa suna kiɗa, ya tashi ya kakkaɓe jikinsa ya koma gobe, ya riga ya ɗanɗani wannan kaɗaici. Lokacin ma ya dace, domin a ƙasar Hausa kokawa wasan kaka ce da rani, kuma a Jamhuriyar Nijar, inda aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa a 1975, a irin wannan lokaci ake yin ta.

Yanzu sai tsoron mahaifiyar yaron. Kokawar makarantun Amurka da tamu ta gargajiya ba iri ɗaya ba ce. Tasu ana yin ta a kan katifa, kuma kai mutum ƙasa ba ya ƙare wasa, sai a ci gaba da murɗa har a manna kafaɗunsa biyu da ƙasa ko lokaci ya cika, a nan ne ake lanƙwasa hannu ta baya, abin da kafaɗar mai jifa ba ta so. Tamu kuwa a tsaye ake yin ta, da zarar an yi kaye an gama, don haka wannan haɗari ya ragu. Inda namu haɗarin yake shi ne faɗuwar. Yaron da bai saba ba, idan ya ji zai tafi ƙasa, sai ya miƙa hannu ya tokare, kuma kusan kullum hannun da ya fi amfani da shi yake miƙawa, wato hannun jifa. Nauyinsa da na abokin karawarsa suka sauka a kan miƙaƙƙen hannu a busasshiyar ƙasar hunturu, to ana iya samun karaya a wuyan hannu ko gocewar gwiwar hannu ko ta kafaɗa.

Saboda haka sharaɗin farko shi ne mako biyun farko su tafi a koyon faɗuwa kawai: ya naɗe haɓa zuwa ƙirji, ya tattara hannuwa, ya sauka ta gefe ya mirgina, har abin ya zame masa jiki. A yi a kan yashi mai kauri wanda aka tsince duwatsu da kwalabe, kuma a haɗa shi da sa'ansa a nauyi, ba a shekaru kawai ba, domin 'yan shekara 12 wani ya fara zama saurayi wani kuwa har yanzu yaro ne. Sau biyu ko uku a mako ya isa, kuma a gaban babba wanda zai iya raba su. Ku faɗa wa Baba cikin ladabi cewa horo ake so, ba a neman jikan nasa ya ciwo kambu a bana. Idan kuma ya yi ƙorafin ciwo a gaɓa wanda ya wuce kwana biyu, ko aka ga kumburi, ku kai shi asibiti a ɗauki hoto kafin a je wajen mai ɗori, tun da ga Asibitin Ƙashi na Dala nan a kusa, domin tsagewa a wurin girman ƙashi ba a gane ta da shafawa, kuma ja ko murɗa na iya ɓata ta. Ranar da hutu ya ƙare kuma kada ya fara da iyakar ƙarfinsa, ya ɗauki mako huɗu zuwa shida yana jifa a hankali daga kusa, yana ƙara nisa kaɗan-kaɗan.

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara 9 yana cikin masu koyon kokawar zamani, wato wadda ake yi a kan katifa, sai ake ce mini za ta tsumburar da shi, kuma na ga wani zagayayyen tabo a wuyansa. Daga wata uwa a Kurna.

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki game da tsawo, domin gado da abinci da lafiya su suke yanke shi, kuma motsa jiki daidai gwargwado ƙarfafa ƙashi yake yi. Abin da za ki sa wa ido shi ne rage nauyi. Kokawar zamani aji-aji ake yin ta bisa nauyi, shi ya sa wasu suke hana kansu ruwa da abinci don su shiga ajin da ke ƙasa da nasu, kuma a ƙarshen 1997 ɗaliban jami'a uku 'yan kokawa sun mutu a Amurka cikin 'yan makonni ta wannan hanya, har aka canza dokokin auna nauyi. Duk mai horon da ya ce yaro ɗan shekara 9 ya rage ci ko sha, ki janye ɗanki daga wurinsa. Tabon kuwa ya yi kama da makero, wanda 'yan kokawa suke yawan ɗauka ta haɗuwar fata da katifar da ba a gogewa. Ki nuna wa ma'aikacin lafiya ya tabbatar ya ba shi magani, ya dakata da kokawa har sai an ce ya daina yaɗuwa, ya riƙa wanka da sabulu da zarar ya dawo, kuma a ware masa tawul ɗinsa daban da na ƙannensa.